Allurar Barci: Abin da Ke Faruwa da Mutum a Ɗakin Tiyata

   

Jama'a masu sauraro, yau a filinmu na faɗakarwa kan kiwon lafiya za mu leƙa ɗakin da ba a barin mai jinya ya shiga. Duk wanda likita ya taɓa ce wa "sai an yi aiki" ya san abin da ke fara faɗo masa a rai. Yawancin mutane wuƙar ba ta dame su ba, tunda ba ganin ta za su yi ba. Allurar barci ce ke sa gabansu faɗuwa. Za ka ji dattijuwa tana cewa, "Ni dai kada a sa ni barcin da ba zan tashi ba." Wani yana tsoron ya farka ana tsaka da yanka. Wani magidancin kuma damuwarsa kada ya yi ta sambatu ya tona wa kansa asiri a gaban mutane. Duk waɗannan suna da amsa, kuma amsar tana cikin magungunan su kansu: me ake zuba wa mutum, ina yake zuwa a jiki, me yake kashewa, kuma ta yaya yake fita.

Mu fara da gyara wata fahimta. Mai barci in ka mintsine shi zai zabura, in hayaƙi ya shaƙe shi zai yi tari, in hannunsa ya sage zai juya. Wanda aka yi wa allurar tiyata ba ya yin ko ɗaya. Hankalinsa ya gushe, tarin da ke kare masa maƙogwaro ya tsaya, sau da yawa ma numfashin sai an yi masa. Wato an karɓe wa jiki tsaron kansa na ɗan lokaci, an damƙa shi a hannun wani mutum da ke tsaye daidai kan majiyyaci. Shi ne likitan allurar barci, ko ma'aikacin jinya da ya yi horo na musamman a kan wannan aiki. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa tiyata sun riƙe sunan likitan da ya yanka su, amma ko fuskar wanda ya riƙe musu numfashi ba su tuna ba.

Kafin a kai ga wannan, an sha wuya. A da, gwanin likitan fiɗa shi ne mai sauri: ƙarti su danne mutum, a yanke ƙafa cikin mintuna kaɗan yana kururuwa. Mu ma nan, wanda ya ga wanzami yana cire belu ko maɗori yana jan karaya ya san yadda abin yake. Likitocin Musulunci irin su Ibn Sina sun rubuta tsirrai masu gusar da hankali da rage zafi. A ƙasar Japan, a shekarar 1804, wani likita mai suna Hanaoka Seishu ya sa wata mata barci ya cire mata ciwon daji a nono, kuma jigon haɗin da ya ba ta ɗan uwan zaƙamin nan ne da muka sani. Matsalar tsiro ita ce ba ya aunuwa. Tsakanin abin da zai sa barci da abin da zai haukata mutum ko ya kashe shi, tazarar kaɗan ce.

Ranar 16 ga Oktoba, 1846, a babban asibitin birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa wani majiyyaci tururin sinadarin eta, aka cire masa ƙari a wuya bai yi ihu ba. Shekara guda bayan haka James Simpson ya kawo kulorofom a Edinbura, kuma da Sarauniya Biktoriya ta shaƙe shi wajen haihuwa a 1853, sai sukar da ake yi wa amfani da shi ta ragu. Daga nan ne tiyata ta samu sararin yin dogon aiki a natse. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, ya yi dashen ƙoda na farko a 2002. Aiki irin wannan mutum biyu ake kwantarwa, mai bayarwa da mai karɓa, na sa'o'i. Ba domin waɗannan magunguna ba, ko mafarkinsa ba za a yi ba.

(Ɗan kiɗa)

To, mai sauraro, bari mu bi majiyyaci daki-daki. An kwantar da shi, an sa masa ƙarin ruwa a jijiya, an maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa mai auna iskar oksijin a jini, an ɗaura ma'aunin hawan jini, an ɗora masa abin shaƙar oksijin a fuska na 'yan mintuna domin huhunsa ya cika. Sai a ɗauko sirinji mai wani farin ruwa, launin madara. Sunansa furofofol. An gano shi a Ingila, ya shiga asibitoci a 1986, kuma yau shi aka fi amfani da shi wajen fara sa barci a duniya. Ana auna shi da nauyin mutum, wajen miligiram 2 a kowane kilo ga baligi mai ƙarfi, ƙasa da haka ga tsoho. Yakan ɗan yi zafi a hannu lokacin shiga. Kafin mutum ya ƙirga talatin, ya tafi.

Me ya faru? Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da saƙonni da ƙwayoyinta ke aika wa juna. Wasu saƙonnin na zaburarwa ne, wasu na tsayarwa. Babban sinadarin tsayarwa shi ne wanda masana ke kira GABA. Ka ɗauke shi kamar birkin mota. Furofofol ba ya kawo sabon birki, wanda ke jikin motar yake dannewa har ƙasa. Sassan ƙwaƙwalwa su daina jin juna, hankali ya gushe. Tayofental, wanda ya riga shi tun 1934, shi ma nan yake taɓawa, haka yawancin magungunan shaƙa. An daɗe ana zaton waɗannan magunguna narkewa kawai suke yi a kitsen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rikita su, sai a 1984 wasu masana biyu a Landan, Franks da Lieb, suka nuna cewa takamaiman wurare suke kamawa.

Ga wani abin mamaki. Allura guda ta furofofol ba ta wuce minti biyar zuwa goma mutum ya fara buɗe ido, alhali maganin yana nan a jikinsa, hanta ba ta gama da shi ba. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa na cikin sassan da jini ya fi kwarara, don haka ita maganin ke fara cikawa. Daga baya jini ya kwashe shi ya rarraba wa tsoka da kitse, abin da ya rage a ƙwaƙwalwa ya yi ƙasa, mutum ya farka. Shi ya sa wanda aka sallama a ranar da aka yi masa ƙaramin aiki ake hana shi tuƙi ko sa hannu a wata muhimmiyar takarda har kwana guda. Ido biyu yake, amma da saura.

Aibin furofofol biyu ne: yana saukar da hawan jini, yana kuma tsayar da numfashi. A ɗakin tiyata an san da haka, an shirya. A wajen ɗakin tiyata kuwa ajali ne. Shi ne ya kashe mawaƙin nan na Amurka, Michael Jackson, a watan Yuni na 2009, lokacin da likitansa ke yi masa shi a gida don ya samu barci, kuma kotu ta ɗaure likitan. Magani ɗaya ne da wanda ake yi wa dubban mutane kullum su tashi lafiya. Abin da ya bambanta shi ne ido da kayan aiki.

Bayan hankali ya gushe, in aikin na ciki ne ko ƙirji, sai an saki tsoka. Tsokar cikin mutum tana ɗaurewa in an taɓa ta ko da ba ya cikin hayyacinsa. Asalin maganin wannan dafin kibiya ne na mafarautan dazukan Kudancin Amurka, wanda ke shanye dabba ta faɗi. A 1942 likita Harold Griffith da abokiyar aikinsa Enid Johnson suka fara amfani da shi a tiyata a Kanada. Jikokinsa na yau suna tare saƙo tsakanin jijiya da tsoka, har da tsokar numfashi. Don haka da an yi allurar sai a zura bututu ta baki zuwa maƙogwaro, inji ko hannun ma'aikaci ya ci gaba da hura huhu. Wannan bututun ne ke sa wasu su tashi da kaushin murya ko ciwon maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu. Ba wani abu aka ɓata ba.

A lura, maganin sakin tsoka ba ya sa barci, ba ya kashe zafi. Nan ne tsoron farkawa ana tsaka da aiki ya samo tushe, domin in barcin ya yi sauƙi alhali tsoka a sake take, mutum ba zai iya motsi ya nuna ba. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2014 ya samu rahoton mutum ɗaya cikin kimanin 19,000. Mai kula da kai yana karanta bugun zuciya da hawan jini da gumi da hawaye, yana kuma duba adadin maganin da ke fita cikin numfashinka.

Tunda allurar farko ba ta daɗewa, da me ake riƙe barcin na awa biyu ko biyar? Galibi da tururin magani da ake gauraya wa iskar da majiyyaci ke shaƙa. Halotan, wanda aka fara amfani da shi a Ingila a 1956, ya yi wa asibitocin Afirka hidima shekara da shekaru saboda arha da ƙarfi, ga shi ba ya shaƙe yara. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 na iskar ya isa ya hana rabin manya motsi in an sa wuƙa. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa hanta ke sarrafawa, kuma jefi-jefi yakan yi mata mummunan lahani, musamman in an maimaita shi kusa-kusa, yana kuma iya rikita bugun zuciya. Shi ya sa ake ta komawa ga aisofulurin da sebofulurin, waɗanda mafi yawansu ta huhu suke shiga, ta huhu suke fita. In an gama ɗinki sai a rufe tururin, mutum ya fitar da shi da numfashinsa, a yi masa allurar da ke warware sakin tsoka, a jira ya fara numfashi da haɗiya da kansa, sannan a zare bututu. Zafi kuwa da nasa maganin daban, dangin mofin da fentanil, tare da farasitamol da allurar kashe wurin da aka yanka. Hikimar haɗa magunguna da yawa ita ce a ba da kaɗan-kaɗan daga kowanne, maimakon a tula guda ɗaya har ya kai ga illa.

(Ɗan kiɗa)

Akwai magani ɗaya da ya fita daban, kuma a ganina babu wanda talakan Afirka ya ci moriyarsa kamar shi. Ketamin ke nan. An haɗa shi a Amurka a 1962, aka amince da shi a 1970. Shi saƙon zaburarwa yake tarewa, sai ya raba hankali da jiki. Mutum na iya kasancewa ido buɗe, yana numfashi da kansa, amma ba ya nan, ba ya jin zafi. Ba ya saukar da hawan jini, yakan ma ɗaga shi. Ana iya yin sa a jijiya ko a cinya, ba ya buƙatar firiji ko babban inji. Matar da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa a asibitin karkara, ko wanda aka kwaso daga haɗarin mota jininsa ya zuba, ko yaron da ya ƙone ake wanke masa ciwo, sau da yawa ketamin ne gatansu. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokar safararsa saboda masu shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin likitoci suka ƙi, suna cewa yin haka zai rufe ɗakunan tiyata a ƙasashe matalauta. Aka jingine maganar.

Amma ketamin yana da halinsa. Yana kawo yawan yawu, kuma wajen farkawa yakan sa mafarkai masu nauyi da gane-gane. Majiyyaci ya yi ta surutu, ko kuka, ko kiran sunan wanda ya daɗe da rasuwa. Iyaye mata, don Allah a saurara da kyau: in an fito da 'yarku tana irin wannan, ba aljanu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba ne. Magani ne ke fita. A rage hayaniya da haske, a daina jijjiga ta ana "Kin gane ni? Wace ce ni?", a yi mata addu'a a hankali. Likitoci kan haɗa shi da dayazifam ko makamancinsa don rage wannan. Shi kuma magidancin da ke tsoron tonon asiri, ya kwantar da hankalinsa. Lokacin aiki ba ya magana sam, abin da ke fita wajen farkawa kuwa yawanci sambatu ne marasa kan gado, kuma ma'aikatan da ke wurin amana ta hana su ɗauka su fita da shi.

Yanzu ga inda naku aikin yake, kuma nan ne na fi so a buɗe kunne. In an ce kada majiyyaci ya ci komai kafin aiki, ba mugunta ba ce. Mun ce maganin yana kashe tari da haɗiya. In akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ya gangara huhu, ruwan ciki kuma mai tsami ne, yana ƙona huhu. Wani likitan mata a Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan tun 1946 a kan mata masu haihuwa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ba abinci, awa 8 in mai maiƙo ne ko nama, awa 4 ga jariri mai shan nonon uwa, awa 2 ga ruwa zalla. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi, ko da kuwa sha ake yi. Sau nawa kaka ta ji tausayin jika tana kuka da asuba, ta faki ido ta ɗura mata koko, sannan aka tambaya aka ce ba ta ci komai ba? In an riga an ba ta, a faɗa. Ɗage aiki na awa shida ya fi kwana goma a ɗakin kulawa ta musamman. Kuma abin da asibitinku ya ce shi za a bi.

Na biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Likitan allurar barci zai zo ya yi maka tambayoyi kafin aiki, kuma da amsarka zai auna magani. Matasa, in kana shan tiramadol ko kodin ko wiwi ko ƙwayar barci, faɗa masa. Shi ba jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ba ne. Jikin da ya saba da waɗannan yana buƙatar wani awo daban, in ba haka ba ka tashi cikin azabar da allurar da aka saba ba za ta kashe ba, ko kuma abin da ka sha a ɓoye ya haɗu da nasu numfashi ya tsaya. Mai sikila ya faɗa, domin ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki suna tayar da ciwon, kuma in ya saba da allurar kashe zafi ta fenta ya ambata. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai farfaɗiya, kowa ya zo da kwalin maganinsa a hannu. Mai shan jiƙe-jiƙe da saiwoyi da haɗin Islamik kemis ya lissafa su. Mace in tana zaton tana da ciki ta faɗa. Mai haƙorin roba ko haƙori mai girgiɗi ya nuna. Yaro in yana mura da tari a sanar.

Akwai tambaya ɗaya da mutane ke ɗauka ta cika baki ce: "A danginku akwai wanda allurar barci ta taɓa ba matsala?" Tana da dalili. Akwai wani hali da ake gado, wanda wasu magungunan shaƙa da wata allurar sakin tsoka ke tayar wa mutum da zazzaɓi mai tsanani da ɗaurewar jiki. An gano shi ne a 1960 a wani dangi a Ostireliya da suka rasa mutum goma ta wannan hanya. Akwai kuma waɗanda jininsu ba ya saurin narkar da wannan allura, sai su daɗe ba su dawo da numfashi ba. In an sani tun farko, sai a canja magani, shi ke nan.

Ba kowane aiki ne ma ke buƙatar gusar da hankali ba. Yawancin masu haihuwa ta tiyata allurar baya ake yi musu, ta kashe daga ciki zuwa ƙafafu na awa biyu zuwa uku, uwa tana ji jaririnta ya yi kukan farko. Ga mai ciki ta fi cikakken barci aminci a mafi yawan lokuta. Wasu kan yi ciwon kai bayanta, kuma yana da magani. Jita-jitar cewa tana gurgunta mace ko tana bar mata ciwon baya na har abada ta sa wasu suna ƙin ta, alhali ciwon baya bayan haihuwa yana samun wadda aka yi wa da wadda ba a yi wa ba.

Gaskiyar da ba za mu ɓoye ba ita ce masu wannan aiki sun yi mana kaɗan. Ƙungiyar likitocin allurar barci ta duniya tana neman aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, kuma ƙidayar da ta fitar a 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai ko 1 ba. Wani bincike a ƙasashen Afirka 25 da aka buga a 2018 ya gano cewa wanda aka yi wa tiyata a nahiyar nan ya ninka na sauran duniya haɗarin mutuwa, kuma mafi yawan mace-macen a kwanakin bayan aiki suke faruwa, a ɗakin kwanciya. Saboda haka mai jinya, idonka yana da amfani. In ka ga numfashin majiyyaci ya yi ƙasa sosai, ko yana wani irin minshari, ko leɓensa da harshensa sun sauya launi, ko an tashe shi ya ƙi tashi, ko jini ya jiƙa bandeji, kada ka ce bari ya huta. Kira ma'aikaciyar jinya nan take. Kada kuma a ba shi ruwa ko abinci sai an ba da izini.

Duk wanda za a yi wa aiki, a babban asibiti ne ko a ƙaramin asibitin kuɗi na cikin unguwa, yana da haƙƙin ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu: wa zai sa ni barci, kuma ya yi horon aikin? Zai tsaya a kaina har a gama? Akwai oksijin da na'urar yatsa? In an kasa ba ka amsa, kuma aikin ba na gaggawa ba ne, nemi wani wurin.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda ke da majiyyacin da za a shiga da shi gobe, ya tambayi ma'aikatan ɗakin tun daren nan ƙarfe nawa za a daina ba shi abinci, ya kuma sanar da duk mai kawo kwano.